01/10/1996: Oktoba ce ko Janairu? Yadda uwar garke ke tantance kwanan wata

An ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, aka yanko ta daga tsohuwar jihar Sakkwato. Duk ɗan makarantar da ke Gusau, idan aka ce ya rubuta wannan rana da lambobi, 01/10/1996 zai rubuta: rana, wata, shekara. Amma idan aka miƙa waɗannan lambobin ga manhajar da aka gina bisa al'adar Amurka, inda wata ke zuwa kafin rana, abin da za ta gane shi ne 10 ga Janairu 1996. Ba za ta yi ƙorafi ba, ba za ta nuna jan rubutu ba. Za ta adana ranar haka nan, ta ci gaba da aikinta.

Ga tarihin jiha wannan abin dariya ne kawai, domin kowa ya san gaskiyar. Inda abin ke daina ba da dariya shi ne lokacin da lambobin suka zama ranar haihuwar mutum, ko ranar da ya biya kuɗi, ko ranar da wa'adin rajistarsa zai cika.

Abin da ke faruwa bayan an danna maɓallin aikawa

Manhajar da ke cikin waya, ta banki ce ko ta neman gurbin karatu, ba ita ce ke riƙe da bayanan mutum ba. Ita 'yar aike ce. Idan mai waya ya cike fom ya danna aikawa, manhajar takan tattara abin da ya rubuta ta ɗaure shi cikin saƙo guda, ta tura ta intanet zuwa wata babbar kwamfuta da ke zaune a wani wuri mai nisa, wadda ake kira uwar garke ko saba. Wannan saƙo shi ake kira buƙata. Tagar da uwar garke ke karɓar irin waɗannan buƙatu ta cikinta kuwa ita ce magina manhaja ke kira API. Buƙatar kan zo da siffa irin wannan:

{"jiha": "Zamfara", "karamar_hukuma": "Tsafe", "ranar_haihuwa": "10/09/2009"}

Uwar garke ba ta ga fuskar wanda ya aiko ba. Ba ta san yana zaune a shagon kafe ne a Tsafe, kan hanyar Funtuwa, ko kuwa a wani birni na Amurka ba. Abin da ya iso gare ta rubutu ne zalla, haruffa goma. Ita za ta yanke hukuncin ma'anarsu.

A nan gizo ke saƙar. A cikin kowace shekara akwai ranaku 144 da lambar ranarsu ba ta wuce 12 ba, wato daga 1 zuwa 12 ga kowane wata. Idan aka cire guda 12 da rana da wata suka zo ɗaya, irin su 05/05 ko 11/11, saura 132. Waɗannan ranaku 132 kowacce tana karantuwa ta fuska biyu, kuma duka fuskokin biyu ranaku ne na gaskiya a kalanda. Sun haura kashi ɗaya bisa uku na shekara. Sauran ranakun, irin su 25/08, idan aka karanta su a juye sai a samu wata na 25, wanda babu shi, nan take kwamfuta ta tsaya ta ce akwai matsala. Wanda aka haifa ranar 25 ga wata ya yi sa'a: kuskurensa mai ƙara ne, ana jin sa. Wanda aka haifa ranar 10 ga wata, nasa kuskuren kan wuce shiru, sai bayan shekara biyu ko uku ya tashi buɗe asusu a ce masa ranar da ke BVN ɗinsa ba ta yi daidai da ta NIN ba.

A ɗauki lambobin da ke cikin buƙatar can ta sama. Hukumar JAMB ta ce a zangon shiga manyan makarantu na 2025 sai ɗalibi ya cika shekara 16 zuwa ranar 30 ga Satumba 2025, in banda 'yan ƙalilan masu hazaƙa ta musamman da aka ware wa sharuɗɗa daban. Yarinyar da aka haifa 10 ga Satumba 2009 ta cika sharaɗin da ratar kwana ashirin. Idan wani fom da ke tsakaninta da makarantar da take nema, na kafe ne ko na wani shirin tallafi, ya karanta 10/09/2009 a matsayin 9 ga Oktoba, ta faɗa cikin waɗanda ba su kai ba da kwana tara. Ba ta yi ƙarya ba, mai kafe bai yi kuskuren bugawa ba, lambobin ma ba su canza ba. Kuma idan irin wannan juyi ya kai ga shiga rumbun bayanan NIMC, fitar da shi ba wasa ba ne. Gyaran ranar haihuwa shi ne mafi tsada cikin gyare-gyaren hukumar: tun watan Mayun 2025 kuɗinsa naira 28,574 ne, ban da takardun da za a nema da zirga-zirgar mota daga Bunguɗu ko Tsafe zuwa Gusau.

Tsarin da duniya ta yarda da shi

Maganin wannan ruɗani ya girmi yawancin masu karanta wannan shafi. A shekarar 1988 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da tsarin da ake kira ISO 8601, wanda ya ce a fara da shekara mai lamba huɗu, sai wata mai lamba biyu, sai rana mai lamba biyu, da karan ɗori a tsakani. Ranar kafa Zamfara ta zama 1996-10-01. A 2002 aka fitar da wata takarda mai suna RFC 3339 da ta taƙaita tsarin don amfanin intanet. Ba kasafai ake rubuta shekara, rana, sannan wata ba, shi ya sa da zarar an ga shekara a gaba da wuya a yi tantama kan abin da ke biye. Wata fa'idar kuma, idan aka jera ranaku masu wannan tsari kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus, da kansu suke bin juna daga tsohuwa zuwa sabuwa.

Wannan ba yana nufin a tilasta wa mai sayar da hatsi a kasuwa ya koyi rubuta shekara a farko ba. Abin da mutum ke gani a fuskar waya daban, abin da ke tafiya cikin buƙata daban. Gurbin kwanan wata na asali da ke cikin burauza ya riga ya yi wannan aiki: yana nuna ranar bisa harshen da aka saita wayar, amma abin da yake miƙa wa uwar garke kullum shekara-wata-rana ne. Matsala kan taso ne idan magini ya bar gurbin rubutu a buɗe ya ce kowa ya buga yadda ya ga dama, ko kuma ya kwafo wani yanki na manhaja daga intanet bai duba al'adar wace ƙasa yake bi ba.

To, ko da manhajar waya ta yi komai daidai, uwar garke ba ta da hurumin yarda da ita ido rufe. Akwai mai riƙe da tsohuwar manhajar da bai sabunta ba tun bara. Akwai wani kamfanin da ke turo buƙata kai tsaye daga tasa kwamfutar. Akwai kuma mai mugun nufi da ke tsara buƙatar da hannunsa. Binciken da aka yi a cikin waya taimako ne ga mai cike fom. Binciken da ake dogaro da shi sai an yi shi a ƙofar uwar garke.

Siffa ba ta isa ba

Mataki na farko shi ne duba siffa: lamba huɗu, karan ɗori, lamba biyu, karan ɗori, lamba biyu. Magina da yawa a nan suke tsayawa, su rubuta layi ɗaya na abin da ake kira regex su ce sun gama. Amma 2023-02-31 ta cika wannan siffa tsaf, alhali Fabrairu bai taɓa yin kwana 31 ba. Haka 2024-13-01.

Sai a ce ai yaren da aka gina manhajar da shi zai kama wannan. Ba kowane ba. A nan ne ya kamata sabon magini ya zauna ya gwada da hannunsa, domin yarukan sun sha bamban, kuma wasu suna da halin son faranta rai. Idan aka ba JavaScript shekarar 2023, watan Fabrairu, rana ta 31 a matsayin lambobi, ba zai ƙi ba. Zai ƙirga kwana ukun da suka yi rara ya tsallaka da su, ya dawo da 3 ga Maris. Kuma a wajensa Janairu shi ne wata na 0, Disamba na 11, tarkon da kusan kowane mai koyo sai ya faɗa. PHP, wanda shafukan makarantu da na ƙananan kamfanoni da yawa ke gudana a kansa, shi ma yakan mayar da 31/02/2023 ta koma 3 ga Maris, ya ajiye gargaɗi a gefe wanda sai an nema ake gani. Yana da wani hali kuma da ya fi wannan ban mamaki: aikinsa mai suna strtotime idan ya ga alamar / a tsakanin lambobi sai ya ɗauka tsarin Amurka ne, idan ya ga karan ɗori sai ya ɗauka rana ce a gaba. Ke nan 01/10/1996 da 01-10-1996 ranaku biyu ne daban a wurinsa, wata tara a tsakaninsu. Python ya fi su tsauri, idan aka ba shi 31 ga Fabrairu yakan tsaya cak ya ce babu wannan rana.

Dabarar da ke aiki a kowane yare mai sauƙi ce. Bayan an fassara rubutun zuwa kwanan wata, a sake mayar da shi rubutu bisa tsarin da aka sa ran samu, a kwatanta da abin da ya shigo. Idan 2023-02-31 ta shiga, 2023-03-03 ta fito, an san yaren ya yi gyaran da ba a sa shi ba, sai a mayar da buƙatar.

Shekara mai lamba biyu kuwa bai kamata a karɓe ta ba sam. Python da kansa, duk da tsaurinsa, idan aka ba shi shekara 69 zuwa 99 yakan kai ta ƙarnin da ya wuce, daga 00 zuwa 68 kuma ya kai ta wannan ƙarni. Dattijon da aka haifa ranar samun 'yancin kai, aka rubuta masa 01/10/60, zai wayi gari an ce sai 2060 za a haife shi.

Sai batun 29 ga Fabrairu. Ƙa'idar ita ce shekarar da 4 ke raba ta tana da wannan rana, sai dai idan 100 na raba ta, sai dai kuma idan 400 na raba ta. Don haka 2000 tana da ita, 1900 ba ta da ita, 2100 ma ba za ta samu ba. Kada a ɗauka ƙananan magina kaɗai ke tuntuɓe a nan. Ranar 29 ga Fabrairun 2012 hidimar Azure ta kamfanin Microsoft ta samu babbar tangarɗa, domin wani yanki na manhajarta ya ƙara ɗaya a kan shekara don lissafa ranar ƙarewar wata takardar tsaro, ya samu 29 ga Fabrairun 2013, ranar da babu ita. A 2024 kuma, a ƙasar Niyu Zilan, famfunan gidajen mai da ake biya da kati suka daina karɓar kuɗi na sa'o'i da dama a wannan rana dai. Excel har yau yana ɗaukar 1900 a matsayin shekara mai 29 ga Fabrairu, kuskuren da aka bari da gangan tun farko don ya yi daidai da wata tsohuwar manhaja mai suna Lotus 1-2-3.

Bayan siffa da kalanda, saura hankali. Ranar haihuwa ba za ta kasance gobe ba. Ranar ƙare wa'adi ba za ta riga ranar farawa ba. Wannan matakin ne kaɗai ke kama wani kuskure da ya keɓanta da yanki irin namu na Musulmi, wato shigar da kwanan watan Hijira a gurbin na Miladiyya. Akwai gidajen da uba ya rubuta haihuwar 'ya'yansa a bangon littafi da watan Musulunci. Idan aka buga 1430-03-12, siffa ta yi, kalanda ma ba ta da ja, domin 12 ga Maris na shekarar 1430 Miladiyya rana ce da ta taɓa wanzuwa. Sai iyakar da magini ya sa, misali kada shekarun mutum su haura 120, ita za ta tare ta. Idan kuwa hidimar na son karɓar kwanan Hijira da gaske, sai ta ba shi gurbinsa daban ta faɗi kalandar da take bi, domin lissafin da ke cikin wayoyi yakan saɓa da kwana ɗaya da ganin watan da fadar Sarkin Musulmi ta sanar.

Awa ɗayan da ke cinye kwana guda

Najeriya na gaba da agogon duniya na UTC da awa ɗaya, rani da damina. Awa ɗayan nan ta isa ta sauya wa mutum ranar haihuwa. Ga yadda abin yake: mai waya a Gusau ya zaɓi 1 ga Oktoba 1996. Manhajar ta ɗauki ranar ta liƙa mata lokaci, ƙarfe 12 na dare daidai, farkon ranar. Da za ta aika sai ta mayar da lokacin zuwa UTC, ta cire awa ɗaya, abin da ya fita shi ne 1996-09-30T23:00:00Z. Uwar garke ta yanke haruffa goman farko ta adana: 30 ga Satumba. Tsarin ISO ne, siffa lafiya lau, kalanda lafiya lau, amma rana ta koma baya. Duk wanda ya taɓa ganin ranar haihuwarsa ta ragu da kwana ɗaya cif a wani shafi, mai yiwuwa wannan ne ya same shi.

Ranar haihuwa ba ta da agogo. A aika ta a matsayin shekara-wata-rana kawai, a adana ta haka, kuma uwar garke ta ƙi karɓa idan ta zo da jelar lokaci. Lokacin cinikin POS kuwa akasin haka ne: dole ya zo da awa da minti da alamar yankinsa, kamar 2025-03-04T14:30:00+01:00, domin idan rigima ta tashi tsakanin mai POS da wanda aka cire wa kuɗi bai karɓa ba, wannan layin ake dubawa.

Agogon wayar ma ba abin dogaro ba ne, kuma mutanen Zamfara sun fi kowa sanin dalili. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Sai 1 ga Oktoba aka buɗe na cikin Gusau, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira na makonni. Waya kan daidaita agogonta ne daga sabis. Idan babu sabis, caji ya ƙare ƙurmus ko aka cire batir, ƙaramar waya kan iya farkawa da wata tsohuwar rana ta daban. Manhajojin da ke tattara bayanai ba tare da intanet ba su tura daga baya, irin waɗanda ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyin agaji ke yawo da su ƙauyuka, agogon wayar suke bugawa a kan kowane fom. Uwar garken da ta san aikinta takan adana lokaci biyu, wanda wayar ta faɗa da wanda saƙon ya iso, sannan ta ware duk wanda ratarsa ta wuce misali don mutum ya duba. Idan kuma aka ga 1970-01-01 a rumbun bayanai, kusan kullum ba rana ba ce: kwamfutoci na ƙirga lokaci ne da daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970, don haka gurbin da aka bari fanko ya zama sifili, sifili kuma ya zama wannan ranar.

Idan za a ƙi, a faɗi dalili

Idan buƙata ta faɗi jarrabawa, uwar garke kan mayar da ita da lambar 400, wasu kuma 422, ma'ana laifin daga abin da aka aiko yake. Lambar kaɗai ba ta wadatar ba. Saƙon da ke cewa an samu matsala a sake gwadawa zalunci ne ga wanda ya sayi data ta naira ɗari biyu yana tsaye inda sabis ke kamawa. Zai sake aikawa sau biyar, amsa ɗaya. Amsar kirki takan ambaci gurbin, ta faɗi abin da ta samu, ta ba da misali: gurbin ranar haihuwa, an samu 10/09/2009, ana son shekara-wata-rana kamar 2009-09-10. Manhajar waya sai ta nuna wannan a ƙarƙashin gurbin, ba tare da ta goge sauran abin da mutum ya cike ba.

Akwai wani abu da tsaurin tantancewa ba ya magancewa, har ma yakan ƙara shi. Mutane da yawa, musamman iyaye da kakanni a karkara, shekarar haihuwarsu kawai suka sani, wani lokacin ma ta kirdado. Fom ya ce dole sai rana da wata, sai mai bugawa ya sa 1 ga Janairu. Gobe a wani ofishin wani ya sa wata ranar daban, takardu biyu sun saɓa ke nan. ISO 8601 ya yarda a rubuta shekara ita kaɗai, ko shekara da wata. Maginin da ke yi wa jama'ar Bunguɗu ko Kwatarkwashi manhajar rajistar manoma zai fi kyautawa idan ya ba da damar a ce shekara kawai aka sani, ya adana hakan a fili, maimakon ya tilasta a ƙirƙiro ranar da daga baya za a riƙa kafa hujja da ita.

Shi kuwa mai waya da ba ya gina komai, abin da ke hannunsa kaɗan ne amma yana da amfani. Ya leƙa saitin harshen wayarsa: idan Turancin Amurka ne, shafuka da yawa za su nuna masa wata kafin rana, kuma sauya shi zuwa Turancin Najeriya ko na Ingila ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ya bar agogo a kan daidaita kansa daga sabis. Inda fom ya ba da kalanda a zaɓa, ya zaɓa, kada ya buga da hannu. Idan a kafe ake cike masa, kafin a danna aikawa ya ce a karanta masa sunan watan da baki, Satumba ko Oktoba, ba tara ko goma ba. Wanda ranar haihuwarsa ta faɗo tsakanin 1 da 12 ga wata kuwa, ya ɗauko takardar NIN ɗinsa da ta banki da ta makaranta ya jera su yau, ya duba ko watan da ke kansu ɗaya ne.